Allo Mai Lamba Ɗari da Sha Bakwai

Litinin, 14 ga Afrilu

Wuta ta ɗauke sau uku kafin azahar, batirin ordinatar, wato kwamfutar aiki, kuwa ya mutu tun bara. Sau uku ina sake rubuta layi goma sha biyu iri ɗaya. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da lissafi a kwaleji, ban taɓa maimaita darasi sau uku don jaki ɗaya ba. Yau na yi wa na'ura.

Bari in rubuta abin da nake yi, ko na tuna dalilin da ya sa na karɓi aikin. Ƙungiyar da ta ɗauke ni a nan Keita ta gina tudun Gidan Hama cikin ordinatar: fakon da aka farfaɗo, jerin duwatsu, ramukan rabin wata, kori mai kwashe ruwan damana. Ka danna, ruwan sama ya sauko, ka ga inda yake gudu da inda yake tsayawa. Abokin aikina Kabiru ne ya yi tudun da ruwan, shi da ya karanta awon ƙasa. Ni aka bar wa alluna. Kowace gona da allonta a kafe, ɗari uku da sha biyu, kowane da sunan mai ita, don ranar taro mutane su gane wurinsu.

Allon cikin na'ura ƙashi ne tsirara. Sai an ja masa hoto, kamar yadda ake ja wa ganga fata. Kabiru na ce wa hoton tekistir, yana murɗa baki kamar a Faransa aka yanke masa cibiya. Ni fata nake ce mata. Ba mai zama ya zana fata ɗari uku da hannu, shi ya sa nake rubuta umarni: ɗauko fata, ɗauko suna daga jeri, rubuta shi daga ɗigo kaza, mayar wa allo. Yau duk sunayen sun fito kai ƙasa. Ashe injin daga ƙasa yake fara ƙirga, ni daga sama. Ba wanda ya ga ya dace ya faɗa mini.

Talata, 15 ga Afrilu

Sunayen sun miƙe. Kaina na sara.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Manzo ya zo buro, ofishinmu. Ƙanen marigayi mijina, kuma shugaban kwamitin tudun. Ya cire hula ya share zufa, ya tsaya nesa da ekaran, fuskar na'urar, kamar mai kallon kububuwa.

"Matar yaya, ke ka shuka alluna cikin madubi?"

Na ce ni ce, ya faɗi abin da ya kawo shi, ba a dafa shayi a nan.

Na san maganar tun kafin ya zauna. Ranar da aka raba fakon, gari ya yarda gaban mai gari: wanda aka rubuta sunansa, in ya yi damana uku bai sa hannu a gonar ba, ta koma wa kwamiti a ba wani. Sai fa in iyayensa sun tashi gaban jama'a sun ce a juya ta ga mai noma ta. Lamba ɗari da sha bakwai damana biyar ke nan. Sun kau da kai don girmana, in ji shi, amma yanzu gida arba'in ke jira ba su da ko taki ɗaya. Taro sha biyar ga Mayu. Abin da allo ya nuna a ranar shi za a sa wa hannu.

Ɗari da sha bakwai ta ɗan farina ce.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa kiransa ba. Ko ranar da na hango shi yana rarrafe zuwa murhu, "kai, kai!" kawai na iya. Ni da nake tsayawa gaban aji ina yi wa rabin al'adunmu dariya, wannan ɗaya ta riƙe ni a maƙoshi. Shekara biyar da ya tafi biɗa Libiya. Saƙonsa na ƙarshe daga Sabha, shekara huɗu da wata biyu: "Inna, rezon waya ba kyau nan, zan kira." Daƙiƙa shida. Yana nan cikin talho.

Manzo ya ce, "Cima ka noman ta, kowa ya sani. Matarshi ce. Ki tashi ki ce a rubuta Cima, magana ta ƙare."

Na ce ya kawo mini gawa in yi mata sallah, sannan in goge suna.

"Ba wanda ya ce gawa."

"To me ka ce?"

Ya mayar da hularsa. Daga bakin ƙofa ya ce in ban yi magana ba gonar za ta fita daga gidan gaba ɗaya, shi ba ya da ikon hanawa. Abin da ya fi ba ni haushi, bai ɗaga murya ba. Da mugu ne da na samu abin kamawa.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na hau moto zuwa Gidan Hama. Na iske Cima kan tudu, rana tsaka, tana mayar da duwatsun da ruwan bara ya ture. Ummi na ƙarƙashin aduwa da goran ruwa, shekararta huɗu da 'yan watanni, ba ta taɓa ganin ubanta ba.

Cima ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa, kamar kullum. Shekara bakwai tana surukata ban san launin ƙwayar idonta ba. Hannunta duk ya tsattsage. Na ce me ya hana ta jira a yi gayya? Ta ce, "Gayya sai mai gona ya kira, Inna."

Muka kauce wa maganar taro. Na ƙirga ramukan da ta sake haƙa, saba'in da ɗaya, don dai in ba kaina abin yi. Gonar ta fi ta maƙwabta kyau nesa ba kusa ba. Shi mai gonar, Allah ya sani, bai iya jera dutse ba, ko yaushe layinsa a karkace.

Na ce "bai iya ba". Da ma "ba ya iyawa" na so in rubuta. Gajiya ce.

Laraba, 23 ga Afrilu

Sabuwar masifa. Kabiru ya gyara sunaye tara cikin jeri, na sake kunna umarnin, sababbin suka hau kan tsofaffi. Baƙi kan baƙi, kamar kaji sun yi dambe cikin tawada. Awa biyu ina neman laifin a wurin da ba ya nan.

Na haɗiye girman kai na aika wa Munira saƙo a Yamai. Ɗalibata ce a da, ita ta fara koya mini wannan sana'ar bayan na bar koyarwa. Ta amsa tana dariya, ina jin ƙarar motoci bayanta: "Madam, ke fa kika ce mana malamin da ba ya goge allo ɓarawon idon yara ne. Fata ba ta manta abin da aka rubuta mata. Ki shafe ta da fenti tukun, sannan ki rubuta."

Layi ɗaya. Shafe duka da fari, kauri ɗari bisa ɗari. Na sa shi, komai ya fito tas.

Ban yi mata godiya ba sai da la'asar.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zafi. Fanka na juya wuta. Na saurari daƙiƙa shidan sau biyu, na ajiye.

Litinin, 28 ga Afrilu

Dogayen sunaye na zubewa ta gefen allo. Faɗin fata ɗigo ɗari biyar da sha biyu ne, ba ta ƙaruwa don uban wani ya ga dama ya raɗa suna mai tsawon igiyar guga. Kabiru ya ce a datse su, a sa harafin farko da ɗigo. Na ce ya je Gidan Hama ya gaya wa dattijo an datse masa suna, ni zan tsaya nesa in riƙe masa takalma.

Abin da ya kamata: umarnin ya auna faɗin suna kafin ya rubuta, in ya wuce, ya rage girman haruffa kaɗan kaɗan har ya shiga. Lissafin 'yan aji ɗaya ne. Na rubuta rabi, wuta ta tafi.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Cima ta kawo Ummi asibiti, tari. Da suka fito suka biyo ta buro su huta kafin mota. Na ba su tabarma bayan kujerata. Kabiru ya tafi masallaci, ni na ce bari in gama gwajin awo. Mai hankali da mafi wuya yake gwaji, don haka na ce wa na'ura ta duba jerin da kanta, ta zaɓo sunan da ya fi kowane tsawo, ta rubuta shi kan allo ɗaya in gani. Ban tsaya na yi tunanin na wane ne ba. Na ɗana ne, haɗe da na ubansa. Ni na san tsawonsu fiye da kowa a duniya, amma ban yi tunani ba.

Ga kuskuren. Don in rage wa na'ura nauyi, ranar Laraba na sa allunan duka su ɗauki fata daga uwa ɗaya, na manta ban ce kowane ya yanki tasa ba kafin a rubuta. Ka rubuta wa ɗaya, ka rubuta wa duka.

Na danna. Tudun ya buɗe, daga bakin kori har ƙarshen duwatsu, allo ɗari uku da sha biyu, kowane ɗauke da sunansa. Ya shiga daidai, bai zube ba ko kaɗan. Awon ya yi aiki.

Sai na ji numfashi a kafaɗata. Cima ta tashi tsaye, abin da ba ta taɓa yi a kaina ba.

Ta ce, "Inna. Shi ne."

Na ce ke da ba ki yi lakwal ba, ko aji ɗaya na boko, ina kika sani? Da faɗa na faɗe shi, Allah ya yafe mini.

"Katinshi na lakwal na cikin kwallata. Ban iya karatu ba, amma wanga na san shi. Ga sandunan nan biyu tsaye a tsakiya."

Muka tsaya. Mace biyu, ba wadda bakinta zai iya furta abin da ke rubuce, ga shi ya cika tudu.

Can Cima ta ce, a hankali, ba ta kalle ni ba: "Inna, ni ban ce ya mutu ba. Kullum ina aje mishi ruwa. Hatsi nike so, don ɗiyar nan."

Na kashe ekaran. Na ce mota za ta tafi ta bar su.

Asabar, 3 ga Mayu

Na gyara. Kowane allo da fatarsa. Minti huɗu.

Na kwana ina tsara amsar da ya kamata in ba ta, mai kaifi, mai hujja. Na iya wannan. Na taɓa sa sufeto ya fita aji bai ɗauki jakarsa ba. Amma duk jimlar da na gina sai in ji ta a karkace kamar layin duwatsun ɗana.

Talata, 6 ga Mayu

Wa ya ce su tafi? Rabin mazan Adar na Abijan, rabi na Libiya, mata na nan suna ɗaukar dutse a ka, jeri kuwa sunan maza ne daga sama har ƙasa. Na ƙirga: cikin ɗari uku da sha biyu, mata sha tara. Na yi wa Kabiru wa'azi a kan wannan har shayinsa ya huce. Ya saurara, sannan ya ce, "To Malama, ai ke ka riƙe da ta ashirin."

Na juya masa baya, na koma kan aikina har aka tashi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Gwaji kawai na yi, ba shawara na yanke ba.

Fentin da ake shafewa da shi yana da kauri, daga sifili zuwa ɗari. Na ce wa umarnin, in ya zo lamba ɗari da sha bakwai, ya fara rubuta abin da ke jeri na asali, ya shafe da kauri casa'in, sannan ya ɗora duk abin da aka ba shi sabo. Na gwada da sunanta. Cima Mahdi, baƙi, gajere, ya zauna tsakiya da fili hagu da dama. Ƙarƙashinsa, in ka san inda za ka duba, inuwa kamar sawun ƙafa bayan iska.

Kabiru ya leƙo ya ce akwai datti a wannan allon. Na ce idonsa ne. Na mayar da jerin yadda yake.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban je ƙauye ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

An yi taron a ajin lakwal na Gidan Hama. An toshe tagogi da tabarmi, janareta na kuka a waje, majigi na haska bango. Maza gaba, mata baya har bakin ƙofa. Wari, zafi, ba iska.

Da Kabiru ya saki ruwan sama sai aji ya kaure. Wani tsoho ya miƙe da sandarsa yana nuna bango: "Ga inda ya cinye mini gona bara! Na faɗa muku, kun ce tsufa ne!" Wata ta ce a ƙara ruwan, ko na ƙarya ne a ji sanyi. Har ni na kusa yin dariya.

Sannan aka shiga alluna, ɗaya bayan ɗaya. Manzo na kiran lamba, ni ina matso da allon, mai gona na amsawa. Awa biyu. Na san tana zuwa kamar yadda ake sanin zuwan allura.

"Ɗari da sha bakwai."

Bai karanta sunan ba. Duk sauran ya karanta. Wannan ya bar mini, ban sani ba ko ladabi ne ko wayo. Sunan na bango, kowane harafi ya kai tafin hannu.

Na shirya jawabi, wallahi na shirya. A kan doka da ta san damana uku amma ba ta san hamada ba. Na tashi, na juya don su ji ni da kyau, sai na hango ta a bakin ƙofa, Ummi a goye duk da ta wuce goyo. Ta ɗago. Ruwan ƙasa ne idon, mai haske.

Na ce, "A rubuta Cima."

Manzo ya ce jama'a ba su ji ba. Ƙarya yake, amma haka ƙa'ida take. Na sake faɗa da muryar aji. Na zauna na buga da hannuna, na danna.

Abin da ban lissafa ba: majigi ba ekaran ba ne. Inuwar da ke ɓoye a buro ta fito a bango ƙarara, toka-toka, ta leƙo hagu da dama na sunanta, don ya fi nata tsawo sau biyu. Kowa ya gani. Manzo ya ƙanƙance ido ya ce, "Matar yaya, allon ga bai gogu ba." Na ce in ya iya ya zo ya goge. Aka yi 'yar dariya, mai gari ya ce a wuce, aka sa hannu.

A waje, ina naɗe waya, ta zo ta durƙusa. Na zaci godiya ce, na shirya in ce ta tashi.

"Inna, na gane shi ƙarƙashi."

Na ce na sani.

"Ki goge. In ya dawo ya iske hatsi, ya hi mishi ya iske suna."

Ta tashi ta tafi. Ko jiran amsata ba ta yi ba, marar kunya.

Asabar, 17 ga Mayu

Barci. Na tashi na ci tuwo, na koma.

Talata, 20 ga Mayu

Yau aka rufe aikin, Kabiru zai kai shi Tawa gobe. Na bi umarnin layi layi ina share tarkace, kamar yadda ake yi kafin a miƙa. Sharaɗi na musamman don allo ɗaya ƙazanta ce a sana'a, Munira za ta gani ta yi mini dariya. Na cire. Layi huɗu. Yanzu ɗari da sha bakwai na bin hanyar da sauran ke bi, fenti ɗari bisa ɗari. Tsabtar aiki ce, ba wani abu ba.

Manzo ya aiko cewa Cima ta kira gayya ranar Asabar, za a kai taki ramuka. Wai in zo. Me zan yi musu, in ƙirga? Zan dai sayi goro.

Hadari ya haɗu gabas da la'asar, bai zubo ba.

Habibullahi.

Alƙalamin nake gwadawa, kwana biyu yana ƙin rubutu. Yana yi.